Amsoshin tambayoyinku: wasannin yara a bikin sabuwar shekarar Chaina, me za a saya me za a bari

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, bikin sabuwar shekarar 'yan Chaina wanda su suke kira Chunjie, da yadda za a haɗa wa yara wasa ba tare da an zubar da kuɗi a banza ba. Da lissafin wata bikin yake tafiya shi ya sa ranar take yawo tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, ta 2026 ranar 17 ga Fabrairu ce shekarar Doki, ta 2027 kuma 6 ga Fabrairu shekarar Akuya. Kwana 15 ake ana hidima sai a rufe da bikin fitilu.

Tambaya ta farko daga wata 'yar'uwa da ke zaune da maigidanta a Gwanzu: "Anti dan Allah ki ba ni shawara, yarana biyu ne ɗan shekara 5 da 'yar shekara 8, ƙawayensu na makaranta 'yan Chaina kullum suna gayyatarsu, bana ina so ni ma in kira su gida su yi wasa. Na ga wani set na kayan ado a manhajar sayayya ta Taobao da balan-balan da fitilun roba masu waƙa, in saya ko akwai abin da ya fi?"

Ƙanwata ki bar set ɗin nan. Kayan ado ne na kallo, yaro zai kalle su minti biyar ya juya ya fara tsalle a kan kujera, kuma waɗannan fitilun masu waƙa yawancinsu da ƙaramin batir mai kama da maɓalli suke aiki, in murfin ba mai sukurun ba ne yaro ya ɓalle ya haɗiye to magana ta zama ta asibiti cikin gaggawa don yana ƙona maƙogwaro. Abin da zan ce ki saya shi ne jar takarda da mai ruwan gwal, almakashin yara marar tsini, gam, zare, alƙalamin maka na zane, da tsinkayen cin abinci na katako, sai jianzi, wani abin wasa mai gashin tsuntsu da ake bugawa da ƙafa, kamar guda huɗu. Duk wannan ba zai kai kuɗin set ɗin ba kuma zai riƙe miki yara har la'asar.

Ki fara da haɗa fitila tun suna shigowa, don ba lokaci ɗaya za su iso ba, wanda ya zo sai ya zauna ya kama nasa. A ninke takarda biyu ta tsawo, a yi ta yankawa daga wajen ninkin ana barin kamar faɗin yatsa biyu a baki kar a yanke gaba ɗaya, a buɗe a naɗe ta a manne, a sa wani siririn yanki a sama ya zama mariƙi. Shikenan. Ba kyandir a ciki ko kaɗan. Daga nan sai abin da ni na fi so a duk wasannin, kacici-kacici. A daren bikin fitilu, 15 ga watansu na farko, 'yan Chaina suna rataya kacici-kacici a jikin fitilu wanda ya canka a ba shi 'yar kyauta, tsohuwar al'adarsu ce, mu ma kuma muna da namu jibge, to ki rubuta namu a ƙananan takardu ki ɗaura a ƙasan fitilun, 'yarki mai shekara 8 ta fassara wa ƙawayenta, su ma su kawo nasu. "Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya" in aka ce musu tsintsiya ce za su gane nan take don su ma suna da tsintsiya. Wallahi ina son wannan saboda yaranmu da suke tasowa a can kullum su ne masu karɓa, a nan kuwa su ma suna da abin bayarwa.

Bayan sun gaji da zama sai ki tashe su. Jianzi wani ɗan abu ne mai gashin tsuntsu a sama da ɗan nauyi a ƙasa, da gefen ƙafa ake buga shi sama ana ƙirgawa kar ya faɗi, in kina fita lambun unguwa da safe kin sha ganin tsofaffi sun yi da'ira suna bugawa. Na manyan ne wannan, ɗan shekara 5 zai sha wahala, shi ki ɗaura masa zare a jiki ya riƙe yana bugawa. Sai tseren tsinke, roba biyu ɗaya da kaya ɗaya babu, a kwashe da tsinkayen cin abinci cikin minti ɗaya, ga manya ki zuba wake ko gyaɗa mai ɓawo, ga ƙanana kuwa dunƙulen auduga ko takarda don kar wani ya tura wake a hanci. Kar ki raba su 'yan Chaina gefe naki gefe, sun riga sun ƙware tun suna goye, ki gauraya su. In da sauran lokaci akwai wasan jefa hankici da kowane yaro a can ya sani, a zauna a da'ira ɗaya yana zagayawa ta baya ya ajiye hankici a bayan wani, shi kuma ya ɗauka ya bi shi da gudu kafin ya zauna a gurbinsa. Wannan ko sisi ba ya ci.

Ki yi odar da wuri, sati biyu zuwa uku kafin ranar, don in biki ya matso masu kawo saƙo da masu shaguna duk garuruwansu suke tafiya. In kin fi son ki gani da idonki ki je titin Yide, nan ne ake sarin kayan wasan yara da na ado. Kuma ki sa ranar bayan kwana uku ko huɗu na farko, waɗancan na ziyarar dangi ne ba za ki samu kowa ba.

Ta biyu daga wani Alhaji ɗan kasuwa a Yiwu: "Hajiya, abokin huldata ya gayyace ni da iyalina gidansa, yana da yara uku. An ce ana ba yara kuɗi a jar ambulan. Nawa zan sa, ko in saya musu kayan wasa kawai?"

Alhaji ka yi ambulan ɗin, hongbao suke ce masa, kusan goron sallah ne a wajensu sai dai su a rufe suke bayarwa. Ka nemi sababbin takardun kuɗi, adadin ya zama cika ba mara ba, kuma ka guji duk abin da ke da 4 a ciki don suna danganta ta da mutuwa, 6 da 8 kuwa suna so. Ambulan ja kawai, fara ta gidan makoki ce. Maganar nawa kuma ya danganta da gari, a Guangdong 'yan kuɗi kaɗan ake sawa yuwan 10 ko 20 ba wanda zai ga laifi, amma kai a Zhejiang kake inda hannu ya fi nauyi, ɗaruruwa ake sa wa 'ya'yan na kusa, to 200 ga kowane yaro ba za ka ji kunya ba, kuma ka daidaita su kar wani ya fi wani. Ka koya wa naka yaran su karɓa da hannu biyu su yi godiya, kar su buɗe a gaban wanda ya ba su. In kana son ƙarawa da wani abu ka riƙo kwandon lemo, in kayan wasa ne kuma qiqiaoban na katako ya isa, allo ne da aka yanka gida bakwai yara suna haɗa siffar doki ko jirgi ko mutum da shi. Agogo dai kar ka kai, ba kyautar da ake yi ba ce a can.

Ta uku daga wani malamin firamare a Kano: "Makarantarmu tana ranar al'adun duniya, ajina aka ba Chaina, yara 30. Ina tunanin in sa a kawo min rigar dodon nan da suke rawa da ita, da nokawut da fitilar da ake sakewa ta tashi sama. Ya kika gani?"

Malam nokawut da fitila mai tashi ka cire su daga lissafi gaba ɗaya, ina roƙonka. Ita fitilar wuta ce tsirara a cikin takarda, in ta tashi ba kai ke da iko da inda za ta sauka ba, ga hunturu komai ya bushe ga iska, mu da muka san abin da gobara take yi wa kasuwanninmu a wannan lokacin. A can Chaina ma manyan birane da yawa sun hana ko sun taƙaita wasan wuta a cikin gari. In ƙara kake so akwai ganga da murfin tukunya, kuma ya ma dace da tatsuniyar bikin, wai wani dodo ne mai suna Nian yake fitowa ƙarshen shekara yana addabar ƙauye har aka gano yana tsoron jan launi da ƙara da haske. Ka ba su labarin, yaro ɗaya ya zama Nian sauran su kore shi da jan ƙyalle da kiɗa, za su yi ta roƙo a maimaita.

Rigar kuma kar ka saya. In ta ruwa za ta zo sai ta haura wata a hanya, in ta jirgin sama ce kuɗin awo zai iya fin kuɗin kayan, kuma rana ɗaya za a sa a jefa a sito. Ka samu babban kwali a yi kai da shi, yaran su yi masa ido da haƙora da ƙaho, ka yanko jan yadi kamar yadi shida a Kwari a ɗinka a jikin kwalin, yara bakwai ko takwas su ɗaga da sanduna, ɗaya a gaba riƙe da ƙwallo a kan sanda dodon yana bin ta, haka ake yin ta asali ma. Sauran ajin ka raba musu dabbobin shekara 12, ɓera, sa, damisa, zomo, dodon da suke kira lung, maciji, doki, akuya, biri, zakara, kare da alade, kowa ya zana fuskar tasa a kwali a yi tseren da aka ce ɓera ya ci saboda ya hau bayan sa ya tsallake kogi sannan ya dira a gabansa. Ka lura dai ba kowane uba ne zai so a ce ɗansa ne kare ko alade ba, waɗannan biyun ka zana su a allo ka ambace su a labari kawai. Jianzi ma ba sai an kawo daga waje ba, gashin kaza huɗu da washar ƙarfe biyu irin ta noti da kyauron roba sun gama.

Ta ƙarshe gajeriya ce, wata uwa ɗaliba a Beijin tana tambaya ko me za ta ba yaran su ci, kuma tana jin tsoron kar abin ya taɓa addini.

'Yar'uwa a bikin akwai ɓangaren da ibada ce a wajensu, kunna turare ga kakanni da liƙa hotunan allolin ƙofa da na arziki, akwai kuma masu duba halin mutum da sa'arsa ta dabbar shekararsa, wannan duk ba namu ba ne kuma in za ki sayi kayan ado ki duba hoton da ke jiki kafin ki biya. Yanka takarda da buga jianzi da kacici-kacici wasa ne, in kuma zuciyarki ba ta kwanta ba ki tambayi malamin da kika yarda da shi. Abinci kuwa jiaozi, wato 'yar fatar fulawa da ake naɗe nama a ciki, shi ne na bikin a arewacin ƙasar kuma yawanci da naman alade ake cusa shi, to ki sayi fatar kawai ki yi naki haɗin da naman sa ko na rago daga Niujie unguwar Musulmi, ki zaunar da yaran su naɗe da kansu, wannan ma wasa ne mai zaman kansa. Alawa ki duba tambarin halal nasu da ake kira qingzhen saboda masu taushin nan ana sa musu jelatin, wanda sau da yawa daga alade ake samo shi. Abincin bikin da suke kira tangyuan da niangao na shinkafa mai danƙo ne suna maƙalewa a wuya, ki yanka ƙanana sosai, 'yan ƙasa da shekara 4 kuma ki ba su lemo a ɓare. A 2027 bikin yana dab da kamawar azumi, in kina son taron da rana ki yi shi a ƙarshen satin da ya gabaci ranar.