Aikin riƙe kuɗin ƙungiyar lafiya a Gadarif: da wace takarda za ka shiga?

Wani ƙanenmu ne ya rubuto daga Gadarif da ke gabashin Sudan. Ɗan Kano ne, ya karanta aikin akanta a Jami'ar Afirka da ke Khartum, ya yi aure cikin Hausawan ƙasar. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 bai bi motocin da suka kwashe ɗalibanmu zuwa iyakar Masar ba, sai ya bi surukansa gabas. Yanzu yana riƙe wa wani attajirin riɗi lissafi. Ya ga wata ƙungiyar agaji ta lafiya tana neman jami'in kuɗi da gudanarwa, amma an rubuta 'yan Sudan kaɗai ake so. Fasfonsa na Najeriya ne, igamarsa, wato izinin zamansa, ta ƙare, ga wani dillali ya ce zai samo masa ragam watani, lambar ɗan ƙasa ke nan. Hajiyarsa kuma kullum kira take ya dawo gida. Tambayarsa: ya karɓi lambar ya nemi aikin?

Ƙanena, kada ka karɓa. Na san albashin ya fi abin da Alhajin da kake wa aiki ke ba ka nesa ba kusa ba, na kuma san abin da kwanon dawa ya koma. Amma dubi aikin da kake nema. Za a miƙa maka makullin akwatin kuɗi, kai za ka duba rasit ɗin kowa ka ce wannan sahihi ne, wannan na bogi. Mutumin da ya shigo da takardar bogi a aljihu ba shi da bakin yin wannan magana, kuma duk wanda ya san sirrinsa ya riƙe masa wuya. Ranar da ka ƙi biyan wani ɗan kwangila saboda kayansa ba su cika ba, ranar zai tuna ya san dillalinka.

Ba ƙungiyar ce kaɗai ke duba takardu ba. Hukumar agaji ta gwamnati, wadda ake kira HAC, ita ke yi wa ƙungiyoyi rajista, tana kuma sa ido a kan ɗaukar ma'aikatan gida, sau da yawa ma wakilinta na zaune a wajen intabiyu. Ga shingayen bincike a kan kowace hanya, a lokacin da baƙo mai takardar da ba ta da tushe ake iya jingina masa abin da ya fi ƙarfin tara. Akwai kuma abin da ya fi damuna. Surukanka 'yan ƙasa ne na haƙiƙa. Kakannin wasunsu sun iso tun bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Maiurno a bakin Shuɗin Nilu, wasu ma sun riga su zuwa a kan hanyar Makka. Duk da haka a rikicin ƙabilanci na jihar Shuɗin Nilu a watan Yulin 2022 mun ji yadda aka riƙa jifan su da cewa baƙi ne. Duk Bahaushen da aka kama da lambar sayarwa, ya ƙara wa masu wannan magana hujja a kan mutanen da suka ba shi 'ya, suka ba shi masauki.

Abin yi shi ne ka fara gyara igamarka, ka biya tarar da ta hau kanka, ko da sai ka ci bashi. Sannan ka rubuta wa ofishin ma'aikata na ƙungiyar layi uku: kai ɗan Najeriya ne mai zama bisa ƙa'ida, kana jin Larabci da Turanci da Hausa, shin suna duba mai izinin aiki? Idan sun ce a'a, ba ka yi asarar komai ba. Idan zama ɗan ƙasa kake so, akwai hanyarsa ta ma'aikatar cikin gida. Tana da jinkiri, amma babu mai tsayar da kai a kanta.

Ko a nan ko a wani wuri, abin da ake nema a wannan kujera ɗaya ne, kuma yawancin masu nema suna ɓata takardarsu da cewa su masu gaskiya ne, masu ƙwazo. Kowa haka yake rubutawa. Kai rubuta abin da hannunka ya yi: kuɗi nawa ke ratsa littafinka a kakar riɗi, leburori nawa kake biya, yadda kake daidaita littafi da bayanin banki a ƙarshen wata, yadda ka riƙe shaidar biyan da aka yi ta manhajar banki ta Bankak a lokacin da takardar kuɗi ta yi wuya, da yadda kuka bi da canjin takardun fam 500 da 1,000 a Disambar 2024. Kada ka raina aikin Alhaji. Wanda ya riƙe lissafi daidai farashi na sauyawa safe da yamma ya san abin da ɗan aji bai sani ba. Shafi biyu ya isa, da sunayen mutum biyu ko uku da za su ɗaga waya su shaide ka.

Za a zaunar da kai gaban kwamfuta a ba ka jarrabawar Excel, yawanci kasafi a gefe guda, abin da aka kashe a ɗaya gefen, a ce ka nuna inda aka zarce. Bayan nan tambayoyin baki. Ka san tsarin saye daga farko har ƙarshe: mai buƙata ya rubuta, a nemo farashi daga wuri uku, a zaɓa a rubuce, mai sito ya ƙirga kaya ya sa hannu, sannan a biya. Wanda ya nemi kaya ba shi zai amince ba, wanda ya amince ba shi zai biya ba. Ɓangaren gudanarwa kuwa shi ne motoci da direbobi da man janareta da hayar gida da masu gadi. A ƙungiyar lafiya waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, saboda haka jarkar gas da ba a saya a kan lokaci ba tana iya lalata firji guda. Da aka ayyana kwalara a Agustan 2024, Gadarif da Kasala na cikin inda ta fi tsanani. Idan aka tambaye ka yadda za ka yi likita na neman kaya yau yau alhali takardu ba su kammala ba, kada ka ce za ka tsallake ƙa'ida, kada kuma ka ce sai ya jira. Ka ce akwai tsarin sayen gaggawa, shugaba ya amince a rubuce, a saya, a cike sauran a bayansa.

Tambaya ɗaya kuma daga gida za ta zo maka. Da zarar an ji ka samu, wan matarka mai mota zai so a ɗauki hayarta, Alhaji ma zai tuna yana da sito. Ba laifi ba ne su nema. Kai dai ka sanar da shugabanka a rubuce cewa danginka ne, ka tashi daga teburin zaɓe. Ka gaya musu haka tun kafin ka fara, za su ji zafi sau ɗaya maimakon kullum.

Game da Hajiya, ina ganin kiranta da neman aikinka hanya ɗaya suka nufa. A Najeriya kai ne ɗan ƙasa. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna aiki a Maiduguri da Damaturu da Sakkwato da Katsina, kuma daga kujerar gida ake hawa zuwa ta ƙasa da ƙasa, wadda wata rana za ta iya dawo da kai Sudan da izini a fasfonka, Larabcinka ya zama jari. Sai dai ka shirya: a buga wa shaidar digirinka hatimin ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta harkokin waje kafin ka fita, a Abuja ma'aikatar ilimi ta tantance ta, ka warware batun bautar ƙasa, ka fara jarrabawar ƙungiyoyin akantoci, ICAN ko ANAN. Ka riƙe takardar aurenku da na haihuwar yara, domin iyalinka da takardunsu za su shiga. Kuma tun da Amurka ta datse tallafinta a 2025, kwantiragi na wata shida ko shekara ne, sabuntawa sai in kuɗi sun zo. Kada ka yi wa Hajiya alkawarin adadin da za ka riƙa aikowa duk wata kafin ka ga takardar ɗauka. Ka gaya mata abin da kake shiryawa da watan da kake sa rai, ka roƙe ta addu'a, sannan ka zauna da matarka ku yi maganar tafiyar tun kafin ta ji a bakin wani.