Tsawon tafiya da gusawa: amsa ga ɗalibin da ya yi tambaya

Wa alaikumus salam ɗana. Ka ce ka kasa gane bambancin distans da disfilesmen a darasin fizis, tunda duka da mita ake auna su. Na daɗe ina koyar da wannan darasi a wata sakandaren ƙauye wajen Ringim, kuma ban taɓa samun misalin da yara ke kamawa da wuri kamar na garma ba.

Ka tuna huɗa da damina. A ce tsawon gonarku mita 100 ne. Shanu su ja garma daga gabas zuwa yamma, a juyo da su, su dawo. Haka har sahu 40. Mai riƙe da garmar nan ya taka mita 4,000, kilomita 4 cur, ƙafafunsa duk laka, ga gumi. Wannan shi ne tsawon tafiya, distans ke nan: duk takun da ka yi ana lissafa maka shi, ko ina ka dosa.

To amma ina ya tsaya? Yana nan dai gefen gabas inda ya faro, sai dai ya matsa gefe. In tazarar kunya da kunya santimita 75 ce, bai fi mita 30 ya gusa zuwa arewa ba. Gusawar ke nan, wato disfilesmen. Ita ba ruwanta da wahalar da ka sha, miƙaƙƙen layi take dubawa daga inda ka tashi zuwa inda ka ƙare, da kuma ɓangaren da ka nufa. Shi ya sa ake ce mata bekta, wato awon da ke da girma da kuma ɓangare. Wanda ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya dawo gida, mitar babur ɗinsa ta ƙirga kilomitoci, man ma ya ƙone, amma gusawarsa sifili ce. Yarana kan yi dariya a nan, wai ashe Baba bai je ko'ina ba.

Inda aka fi faɗuwa a WAEC da NECO shi ne tafiya mai kwana. Mutum ya yi kilomita 3 gabas, ya karya ya yi 4 arewa. Tsawon tafiya 7. Gusawa kuwa sai ka zana alwatika ka yi lissafin Pythagoras: 3 sau 3 ya ba da 9, 4 sau 4 ya ba da 16, 9 da 16 sun ba da 25, tushensa 5, tunda 5 sau 5 ne 25. Kada ka rubuta 5 ka tashi, nan maki ke zubewa. Rubuta kilomita 5, kimanin digiri 37 daga arewa zuwa gabas. Allah ya ba da sa'a.