Sunan kaya a labari: na gaske ko na ƙage?

Yarona, na karanta babin da ka kawo mini. Tauraruwarka ta sayi magani a wani kemis a Ƙofar Ƙaura, ta sha, ya kai ta gadon asibiti, kana tambaya ko ka sa sunan maganin na gaske don labarin ya ƙara armashi.

Kada ka kuskura. Duk inda labari zai ɗora wa kaya laifi, ƙaga masa suna. Mutanenmu suna ɗaukar abin da aka buga da muhimmanci, gobe a majalisa sai ka ji wani yana rantsuwa cewa maganin nan kisa yake yi, ai a littafi ya gani. Ka ɓata wa bayin Allah sana'a a kan abin da bai faru ba, alhaki yana wuyanka, kamfanin kuma yana iya maka ka kotu kan ɓata suna. Haka abin yake ga makaranta, asibitin kuɗi da gidan burodi. Kemis ɗin ma kar ka siffanta shi har mutanen unguwa su gane ƙofar shagon.

Ƙagen kuma ba a yinsa da ka. Zaga babbar kasuwa ka karanta allunan shaguna, ka ji yadda 'yan kasuwarmu ke raɗa suna, don naka ya zauna a baki. In ka samu, duba shi a intanet da shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kar ya zamana yana da mai shi.

Amma fa inda kaya ke wucewa kawai a rayuwar mutane, sunan gaske ya fi. Wace uwa ce a Katsina za ta ce wa ɗanta ya sayo mata garin sabulu da sinadarin ɗanɗano? Cewa take: "Ungo, sayo mani Omo da Maggi wajen mai tebur, ka dawo mani da canji." Ka sauya wannan, maganar ta mutu. Alhajin da ya faka Peugeot 504 a ƙofar gida, ga malamin firamare ya jingina kekensa Raleigh a jikin zaure, ba sai ka ɓata shafi kana bayanin wa ya fi wa hali ba. Sai dai ka kula da zamani. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, layin GSM kuwa sai 2001 ya shigo Najeriya. Saurayin da ke zance a 1995 wasiƙa yake aikawa ta hannun ƙanwar budurwa, babu batun ya kira ta a salula.

Abin da nake gani wajen samarin marubuta, yana kuma damuna, shi ne jero sunan agogo, turare, takalmi da waya duk a layi ɗaya, har labari ya koma talla. Suna ɗaya da ya faɗi inda ya dace ya wadatar. Je ka sauya sunan maganin, ka bar Omo da Maggi inda suke, ka kawo mini babin in sake dubawa.