Wace mota ce za ta ishe ni kwashe kayan gida?

Ɗan'uwa, ka ce za ku tashi daga gida mai ɗaki biyu da falo, kana shakkar girman motar da za ka ɗauko haya. Kada ka tsaya kan ƙirga ɗakuna, manyan kaya za ka duba. Gado, katifa, kujeru da firji su ke cin wuri, kwalaye kuwa ko wane lungu sai su shige. Auna mafi tsawo da mafi faɗi a cikinsu, sannan ka tambayi tsawon bayan motar daga ciki, da faɗin ƙofarta. Na taɓa ganin doguwar kujera ta ƙi shiga saboda ƙofa, alhali ciki da fili.

A ƙiyasin masu ba da hayar mota, mai tsawon ƙafa 15 kan ɗauke gida irin naka, mai ƙafa 20 kuma ɗaki uku. In kayanku sun yi yawa, ɗauki babbar. Sawu biyu ya fi cin mai da lokaci, ga gajiya.

Tambayi nauyin da aka yarje mata, don littattafai kan cika nauyi tun mota ba ta cika ba. Ka kuma tabbatar lasisinka ya halatta maka tuƙa ta, kuma za ta iya shiga layin sabon gidan.