Batirin sola yana tafasa a ɗakin kwana, in ƙara masa asid?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da batirin sola mai ruwa, 200Ah, yana ɗakin da muke kwana da yara. In rana ta take sai in ji yana ɓararraka, ruwansa kuma yana yawan sauka. Wani ya ce in sayo asid in zuba don ya ƙara ƙarfi. In yi hakan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka zuba asid. Amma abin da ya fi tayar min da hankali shi ne inda batirin yake. Don Allah ka fitar da shi daga ɗakin nan yau.

Ƙarar da kake ji, wutar caji ce take raba ruwan ciki zuwa iska biyu, haidirojin da oksijin, musamman in batirin ya kusa cika. Haidirojin ba shi da launi ba shi da wari, kuma da zarar ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi. Ka duba abin da ake kunnawa a ɗaki da dare: ashana, turaren wuta, maganin sauro. In batir ya fashe, asid yake watsawa a fuska. Ka nema masa inuwa inda iska ke ratsawa, inda hannun yara ba zai kai ba, kuma kada a kulle shi cikin kabad.

Daga nan za ka gane amsar tambayarka. Ruwa ne yake tafiya, asid ɗin yana nan. In ka ƙara wani, sai ya yi kauri ya cinye farantan dalmar ciki, batirin ya mutu da wuri. Tataccen ruwa zalla marar asid (distilled water) kaɗai ake zubawa, ban da na rijiya, na famfo ko fiya wata, saboda ma'adinan da ke cikinsu. Ka bari ya cika caji sannan ka ciko zuwa alama, sai fa in farantan sun fito fili, to fara rufe su da ruwa kafin caji.

Yawan saukar ruwa kuma alama ce ta caji ya wuce ƙima. A sa mai gyara ya duba kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin da sola ke ba batir. Batir mai bolt 12 yakan yi caji ne wajen 14.4 zuwa 14.8, in ya cika a sauko da shi kusan 13.6, amma abin da kamfanin ya rubuta shi ne abin bi. Ƙarfin wutar kuma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansa, wato amfiya 20 ga naka. Ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko jikinsa ya yi zafi sosai ko ya kumbura, kashe caji nan take.

Wajen taɓa shi, kashe komai tukuna, cire zobe da agogo, fara kwance wayar da ke kan alamar (-), ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. Kada sifana ta haɗa kawunan biyu. Asid ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa minti 15 ko fiye, sannan a tafi asibiti. Wanda ya zube a ƙasa, ruwan kanwa yana kashe kaifinsa.

Ranar da ya mutu, kada a fasa shi a gida don ciro dalma. Gubar dalma ce, daga dutsen zinare, ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, kuma ƙananan yara ta fi kamawa. Ka mayar wa dillalin batir da shi a rufe yadda yake.