Yaya Aka Yi Brooklyn Ta Daina Zama Birni?

Tambaya: Malam, na ji an ce Brooklyn ta Amurka a da birni ce mai cin gashin kanta. Me ya rushe ta?

Amsa: Gaskiya ne. Ta zama birni a 1834, ta yi ta haɗiye maƙwabta: Williamsburg da Bushwick a 1855, Flatbush a 1894. Sai ruwan sha ya yi mata ƙaranci, ga bashi ya kusa iyakar da doka ta yarda, babu halin ciyo wani don jawo ruwa. A ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a da aka kaɗa a 1894, masu son haɗewa da birnin New York suka yi rinjaye a Brooklyn da ƙuri'a 277 kacal. Ranar 1 ga Janairu, 1898, kujerar magajin garinta ta kau, ta koma ɗaya daga gundumomin New York biyar.