Zamiyar ƙanƙara, sikila da sanyin da jikinmu bai saba da shi ba: likita ya amsa

Da Disamba ta kama sai tambayoyi kan wasan zamiya a dusar ƙanƙara su fara iso mini nan Birnin Kebbi. Galibi daga yaranmu masu karatu a Turkiyya da Rasha suke fitowa, sai iyayen da suka ga hotuna a WhatsApp hankalinsu ya tashi. Ga biyar daga ciki, na gajarta su.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ɗan Jega ne, ina karatu a Kayseri ta ƙasar Turkiyya. Abokaina sun shirya mu hau dutsen Erciyes mu koyi zamiya. Jinina AS ne, kuma ban taɓa ciwon sikila ba. Akwai abin tsoro?

Amsa: Ɗana, ka kyauta da ka san jininka, da yawa sai an zo maganar aure suke sani. Mai AS yana iya wannan wasa, amma da sharaɗi. Garinku bai kai mita 300 sama da teku ba. Filin wasan Erciyes kuwa daga sama da mita 2,000 yake farawa, wasu hanyoyinsa sun haura mita 3,000. A can iskar oksijin da ke shiga jini tana raguwa. Idan ƙarancin oksijin ya haɗu da sanyi da gajiya da rashin shan ruwa, wasu ƙwayoyin jinin mai AS suna iya lanƙwashewa su toshe jijiyoyin saifa. Ba kowa abin ke samu ba, amma sanannen abu ne a wurin likitoci. Alamarsa ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci ya harba zuwa kafaɗar hagu. In ka ji haka, kada ka ce cikinka ne ya murɗa. Ka sauka daga dutsen nan take, ka tafi asibiti, kuma da bakinka ka faɗa musu kana da AS, domin likitan da ba ya yawan ganin masu irin jininmu yana iya fara neman wata cuta daban.

Ranar farko ka tsaya a gangaren ƙasa inda ake koya wa sababbi. Ka riƙa shan ruwa ko ba ka jin ƙishi, sanyi yana ɓoye ƙishirwa alhali busasshiyar iskar dutse tana zuƙe ruwan jiki. Kada ka haɗa wannan wasa da azumi. Ciwon kai da tashin zuciya da kasa barci bayan an haura mita 2,500 suna kama har mai AA, kuma maganinsu a daina hawa, in sun ƙi lafawa a sauko.

Mai SS ko SC maganarsa daban ce, kuma ba zan yi masa kara ba. Sanyi kaɗai yana tayar da ciwon, duk uwar da ta raini mai sikila ta san abin da hunturu ke yi musu, balle a ƙara da tsawon dutse da wahalar jiki. Shawarata ya haƙura. Idan ya nace, to sai ya zauna da likitan jinin da ke duba shi tun kafin a sayi tikiti.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Birnin Kebbi. Zan kai iyalina Dubai, yara sun matsa sai sun shiga Ski Dubai. Ɗaya daga cikinsu yana da asma.

Amsa: Alhaji, Allah ya kai ku lafiya. Wurin wasan ƙanƙara ne na cikin gini, yana cikin babban kantin Mall of the Emirates, an buɗe shi a 2005, kuma tun da Dubai a bakin teku take, babu batun tsawon dutse. Sanyin ne kawai, digiri kaɗan ƙasa da sifili. Busasshiyar iska mai sanyi tana tsuke hanyoyin numfashin mai asma, musamman idan yana guje-guje. Abin shaƙarsa ya kasance a aljihun wanda ke tare da shi a ciki, kada a kulle shi a akwatin ajiya. Idan likitansa ya saba ce masa ya shaƙa kafin motsa jiki, ya yi haka kafin shiga, a kuma rufe masa hanci da baki da ƙyalle mai kauri. Ranar da yake mura ko ƙirjinsa na kuka, a bar shi a waje ko zai yi rigima.

Abin da ba ka tambaya ba amma zan faɗa: sutura. Dogon hijabi da gyale da jallabiya suna iya maƙalewa a kujerar da ke ɗaukar mutane zuwa sama ko a igiyar da ke jan su. Hajiya da 'yan mata su sa ƙaramin hijabi mai kama kai, su cusa bakinsa cikin rigar sanyi. Ku kuma tabbatar kowa yana da safar hannu kafin ku shiga.

Tambaya: Shekaranjiya na faɗi na bugi ƙeya. Na tashi na ci gaba da wasa, amma har yau kaina na ciwo, jiya na yi amai. Ina shan farasitamol. Ɗalibi ɗan Yauri, daga Rasha.

Amsa: Ka ajiye wayar ka tafi asibiti yau, kuma kada ka tafi kai kaɗai. Ciwon kai da amai bayan buguwa suna buƙatar a duba ka, wataƙila har da hoton ƙwaƙwalwa. Idan ka fara jin barci mai nauyi, ko magana ta sarƙe, ko wani ɓangaren jiki ya rasa ƙarfi, ko gani ya rikice, abokin zamanka ya kira 112. Wannan lamba tana aiki a Rasha da Turkiyya da ƙasashen Tarayyar Turai. Kada ka sha asfirin ko ibufurofen kafin a duba ka, suna iya ƙara zubar jini.

Tashin da ka yi garau ba shaida ba ce. A Maris ɗin 2009 'yar wasan kwaikwayon Ingila Natasha Richardson ta faɗi a gangaren masu koyo a Mont Tremblant ta ƙasar Kanada, babu hular kwano a kanta. Ta miƙe tana magana, ta ce a bar ta lafiyarta ƙalau. Ashe jini na taruwa tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, bayan kwana biyu ta rasu. Hular kwano ba ta hana komai da komai, amma tana rage munin rauni ƙwarai. Mu da muke ganin abin da rashinta ke yi wa 'yan kabu-kabu ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Hular da ta sha mummunan duka an gama da ita, ko ba a ga tsaga ba.

Tambaya: Wanne ya fi ƙarancin haɗari, wasan zamiya mai katako biyu da sanduna ko mai allo ɗaya? Wata ɗaliba 'yar Argungu.

Amsa: 'Yata, kowanne da inda yake cizo. Masu katako biyu gwiwa suka fi rasawa: ƙafa ta murɗe, katakon ya ƙi saki, jijiyar da ke riƙe gwiwa ta tsinke. Shi ya sa idan mai ba da haya ya tambayi nauyinki da tsawonki da ƙwarewarki, ki faɗi gaskiya. Da su yake daidaita maƙalin takalmin yadda zai sake ki idan kin faɗi. Masu allo ɗaya kuwa wuyan hannu suke karyawa, don mutum kan tare ƙasa da tafin hannu, kuma a kwanakin farko abin ya fi yawa. Ki sa makarin wuyan hannu, ki koyi faɗuwa a kan damtse hannu a dunƙule.

Ki biya malami ya koya miki. Abokin da ya fara bara ba malami ba ne, kuma shi ne zai ja ki hanya mai jan alama ko baƙa tun ba ki iya tsayawa ba. Kore da shuɗi su ne na masu koyo. Wanda ke gabanki shi ke da hanya, ke ce za ki kauce masa. Kada ki tsaya a ƙasan tudu inda mai gangarowa ba ya hango ki, kada kuma ki tsallake igiyar iyaka. Ki duba ko inshorarki ta haɗa da wasannin ƙanƙara, da yawa ba su haɗa ba. In gwiwa ta kumbura ko ta ƙi ɗaukar nauyi, a yi hoto a can, kada ki jira hutu ki zo wurin mai ɗori.

Tambaya: Ɗana ya ce bayan sun dawo daga dutse yatsunsa sun mutu, da dare kuma idanunsa suka yi ta zafi kamar an zuba yashi. Me zan ce masa? Wata uwa daga Zuru.

Amsa: Hajiya, yatsun sanyi ne ya fara cin su. Littattafai kan ce fata tana yin fari, amma a baƙar fata sai dai ta yi toka-toka, ta yi tauri, a daina jin taɓi. Ya cire jiƙaƙƙiyar safa da zobe, ya tsoma yatsun a ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37 zuwa 39, kamar rabin awa. Zai ji zafi sosai lokacin da jini ke dawowa. Kada ya murza su, kada ya kara su a wuta ko na'urar ɗumama ɗaki, fatar da ba ta ji tana ƙonewa mai ita bai sani ba. Idan suka yi bororo, ko suka yi baƙi, ko jin taɓi bai dawo ba, asibiti. Gaba ya guji sa rigar auduga a jikin fata, tana riƙe gumi ta zama sanyi.

Idon kuwa rana ce ta ƙona shi. Dusar ƙanƙara sabuwa tana iya mayar da har kashi 80 cikin ɗari na hasken da ke ƙuna, kuma zafin yakan taso ne bayan wasu awoyi, shi ya sa ya ji da dare. Ya zauna a ɗaki mai duhu, ya ɗora ƙyalle mai sanyi, kada ya sosa, kada ya sa kwalli ko wani haɗin gida. Yawanci cikin kwana ɗaya zuwa biyu yake warkewa, in ya wuce haka ko gani ya ragu, ya ga likitan ido. Ki ce masa tabarau mai tare hasken rana dole ne a kan dutse, ko da gari ya yi hadari.